Bi harafin ƙ daga kibod har sikirin, a nan zaka gane yadda kwamfuta take zana rubutu

Wata makaranta a unguwarmu ta taɓa bani aikin ƴar manhajar da zata riƙa fitar da rizal ɗin ɗalibai a PDF, na gama komai yana tafiya lafiya a burawza, ranar da za a raba takardu hedimasta ya kirani da sassafe wai Malam zo ka ga abin mamaki, duk yaron da sunansa ya fara da Ɗ an maye masa gurbin harafin da baƙin akwati, Ɗanladi ya koma akwati sai anladi. Kwana biyu nayi ina tonon databes, na canza wannan na canza wancan, ashe databes ba ruwansa, font ɗin, wato fayil ɗin zanen haruffa, da na bari PDF ɗin yake amfani da shi ne kwata-kwata ba shi da zanen Ɗ a cikinsa. Layi biyu ne gyaran. Abin da ya fi bani haushi shine a lokacin na riga na kalli bidiyon tutoriyal ba adadi amma ban taɓa tambayar kaina ta ina harafi yake bi kafin ya bayyana a allo ba.

Mu masu rubuta kod kowa da yadda yake son koyo. Akwai ɗan bidiyo, sai ya sauke kwas na awa goma da datar dare ya ajiye a waya, rabinsa har abada bazai buɗe ba. Akwai mai son karatu wanda zai ɗauko takardar bayanin OpenType ta Microsoft, wato tsarin fayil ɗin font, daga shafin farko yace sai ya sauke ta kamar wanda zai yi hadda, sati ɗaya ya gaji. Sai kuma irin yaran gareji, a basu abin da ya lalace su kwance su gani. A wannan fannin dai ni na gwada duka ukun kuma na ƙarshen ne kawai ya zauna min a kai, saboda zanen rubutu abu ne da ido yake gani, in ka taɓa lamba ɗaya nan take zaka ga harafi ya karkace. Toh mu Hausawa ma mun yi sa'a ta wani ɓangaren, muna da haruffan da suke lalacewa da kansu ba sai mun nemo matsala ba. Don haka harafi ɗaya zamu ɗauka, ƙ, mu bi shi tasha tasha.

Kayan aiki ba yawa. Python, sannan ka rubuta pip install fonttools freetype-py brotli, in kana kan Ubuntu ka ƙara da sudo apt install libharfbuzz-bin. Ka sauke font biyu, ɗaya wanda ka tabbatar yana da haruffanmu kamar Noto Sans ko Andika ko Charis na SIL, wata ƙungiya mai aikin harsuna, ɗaya kuma irin na kwalliya da masu dizayin suke so, don ka samu abin kwatantawa. Wanda ba shi da laftof, fonttools yana tashi a Termux, manhajar rubuta umarni a kan Android, mataki na ɗaya zuwa na uku duk zasu yiwu a waya.

Mataki na farko, ka fara sanin cewa kwamfuta bata san ƙ ba, lamba ta sani. Buɗe Python ka rubuta hex(ord("ƙ")) zai baka 0x199, wato U+0199 a Unicode, tsarin da yake bawa kowane harafi lambarsa. Babbansa Ƙ kuma U+0198. Ɗ yana U+018A amma ƙaraminsa ɗ yana can U+0257, Ɓ U+0181 ƙaramin ɓ U+0253, sai ƴ da ake rubutawa a Nijar U+01B4 da babbansa U+01B3. Ka lura ɗ da ɓ ƙanana sun yi nisa da manyansu, dalili shine an zuba su a rukunin haruffan IPA na masana furuci, manyan kuma a wani rukuni na Latin, shi yasa wani lokacin zaka samu font yana da babba ba ƙarami ko akasin haka, mai zanen ya ɗauki rukuni ɗaya ya bar ɗaya.

Yanzu rubuta "ƙ".encode("utf-8").hex() zaka ga c699, bayit biyu kenan, wato yadda tsarin UTF-8 yake ajiye lambar a fayil. Wannan ɗan gwajin shi zai koya maka bambance cuta uku da mutane suke haɗawa wuri ɗaya su kira "font ya lalace". In kaga Æ™ a inda ƙ ya kamata ya fito, kamar Æ™asa, bayit ɗin lafiyarsu ƙalau, wani ne ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252 inda C6 yake nufin Æ, 99 kuma ™, gyaransa a faɗa wa shafi ko fayil cewa UTF-8 ne. In alamar tambaya ka gani, ?asa, to an riga an yi asara, yawanci wajen ajiyewa a tebur mai tsarin latin1, harafin ya tafi sai dai a sake shigarwa. In akwati ne ko fili, lambar ta iso lafiya, zane ne babu. Wannan na ukun ne kawai laifin font, kuma da na san haka da ban ɓata kwana biyu ba.

Akwai ta huɗu da duk wanda ya taɓa kwafo tsohon rubutun Hausa ya sani, ka ga }asa da ]aya da ~arawo. Kafin Unicode ya zama ruwan dare an yi font na Hausa da aka zana haruffa masu lanƙwasa a gurbin waɗannan alamomin, muddin font ɗin yana kan kwamfutar komai daidai, ana canza shi asiri ya tonu. Irin wannan sai dai ka musanya alamomin da ainihin haruffan, wani font bazai cece ka ba.

Mataki na biyu, tambayi font ɗin ko yana da harafin. Fayil ɗin font ba hoto bane, tarin tebura ne, kuma wanda ake fara dubawa sunansa cmap, shi ne yake cewa lamba kaza zanenta yana gurbi kaza. Zanen nan shi ake kira gilif.

from fontTools.ttLib import TTFont
f = TTFont("font.ttf")
c = f.getBestCmap()
for h in "ƙƘɗƊɓƁƴƳʼ":
    print(h, c.get(ord(h)))

Duk wanda ya fito None babu shi. Gwada a font ɗinka biyu. In harafi babu, gilif mai lamba sifili ake zanawa, sunansa .notdef, shine akwatin nan da turawa suke kira tofu, wato awara, kuma daga nan Google ta samo sunan Noto, ma'ana ba sauran awara. Amma me yasa a burawza ban ga akwati ba sai a PDF? Saboda burawza tana da wayo, in font ɗin da ka zaɓa ba shi da ƙ sai ta aro daga wani font a ɓoye, shi yasa a wasu shafukan labarai zaka ga ƙ da ɗ sun fi sauran haruffa kauri ko sun ɗan yi tsalle daga layi kamar baƙi a gidan biki. In kana son kama ta, a Chrome ka danna dama kan rubutun ka shiga Inspect, ɓangaren Computed, can ƙasa akwai Rendered Fonts, zai nuna maka font nawa aka haɗa da adadin gilif ɗin da kowanne ya bayar. Yawancin laburaren PDF basa wannan aron, kuma tsofaffin font 14 da PDF ya gada irin su Helvetica da Times ba su da haruffanmu.

Mataki na uku shi ne wanda nake so ka daɗe a kai, kar kayi sauri. Rubuta ttx -t glyf -t head font.ttf, zai fitar maka da fayil ɗin XML, ka nemo sunan gilif ɗin da mataki na biyu ya baka, sau da yawa uni0199 ne. Abin da zaka gani jerin ɗigo ne, kowanne da x da y da wata alama on wadda take 1 ko 0. Ɗauko takardar giraf ta ƴan makaranta da fensir, eh da gaske nake, ka fara saka ɗigon nan ɗaya bayan ɗaya. Mai on="1" yana kan layin harafin, mai on="0" yana waje, aikinsa ya ja layin ya lanƙwasa zuwa gefensa ba tare da layin ya taɓa shi ba, kamar yadda tela yake jan zare. Wannan lanƙwasar ita ce Bézier. A TrueType, wanda Apple ta fitar a 1991 kuma ya shiga Windows 3.1 a 1992, ɗigon waje mai jan layi ɗaya ne tsakanin ɗigo biyu. A tsarin PostScript na Adobe biyu ne, irinsa ne a yawancin fayil masu .otf kuma su teburinsu CFF ne ba glyf ba, don haka ka fara da .ttf ya fi sauƙi. OpenType da Microsoft da Adobe suka haɗu a kai a 1996 riga ce da ta ɗauki duka biyun.

Wurare biyu zasu ruɗa ka. Na ɗaya, zaka tarar da ɗigon waje guda biyu a jere ba na kan layi a tsakaninsu, ka ɗauka kuskure ne, a'a, ana nufin akwai ɓoyayyen ɗigo daidai tsakiyarsu, an cire shi ne don rage nauyin fayil, kai zaka lissafo shi. Na biyu, a font y sama yake hawa, a sikirin kuma ƙasa yake sauka, kusan duk wanda ya fara zana gilif da kod sai harafinsa ya fito a kife karon farko, nawa ma haka ya fito har na ɗauka font ɗin ne ya samu matsala. Sannan ka duba ɗ ko o, zagaye biyu ne, na waje yana tafiya ta hannu ɗaya na ciki yana tafiya akasinsa, da wannan ake gane ina za a cika da tawada ina za a bar rami.

Lambobin nan ba fiksel bane, wato ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su yi hoto a sikirin. A teburin head akwai unitsPerEm, yawanci 1000 ko 2048, shine ma'aunin filin da aka zana harafin a ciki. Riƙe wannan lambar zamu dawo kanta.

Mataki na huɗu, jera haruffa. Mutum zai ɗauka ai shikenan a ɗauko zane a ajiye kusa da zane, ba haka bane, akwai injin da yake karɓar rubutu da font ya dawo da wane gilif, a wane wuri. Wanda ya fi shahara HarfBuzz ne na Behdad Esfahbod, sunan ma Farisanci ne, kuma shi ne a cikin Chrome da Firefox da Android da LibreOffice. Rubuta hb-shape font.ttf "ƙasa" zaka ga sunan kowane gilif, da matsayinsa a kalmar, da wata lamba bayan alamar tarawa, ita ce nisan da alƙalami zai matsa kafin harafi na gaba. Gwada "AV" sannan ka sake da --features=-kern ka ga lambar A ta canza in font ɗin yana da wannan gyaran, an matso da su ne don kar gibi ya fito. Wannan daga teburin GPOS yake, mai kula da inda kowane gilif zai zauna.

A boko na yau da kullum aikin ba shi da yawa, sai in kana aikin ƙamus ko littafin koyarwa mai alamar karin sauti. Misali r̃ da masana suke sawa don bambance ra biyu na Hausa, ba shi da lamba ɗaya a Unicode, r ne da U+0303 a bayansa, font ne zai faɗi inda alamar zata zauna a kan r ɗin, in mai zanen bai saka ba sai ka ganta ta zame gefe. Amma inda zaka ga injin nan yana gumi shine ajami. Harafi ɗaya na Larabci yana iya ɗaukar siffa huɗu, shi kaɗai, farko, tsakiya, ƙarshe, lambarsa bata canzawa, teburin GSUB ne yake musanya zanen, ga tafiya daga dama zuwa hagu, ga wasula a sama da ƙasa. Sauke Alkalami na SIL wanda aka zana shi a kan salon rubutun Kano irin na allo, ko Harmattan, ka rubuta bismilla ko sunanka ka bawa hb-view ya fitar da hoto da -o hoto.png, sannan ka kashe siffofin da --features=-init,-medi,-fina ka ga haruffan sun rabu kowa ya kama gabansa. Minti biyu na wannan ya fi min bidiyon awa ɗaya. Fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warsh da muka taso da shi a makarantar allo sai a Unicode 9.0 na 2016 suka samu lambobinsu, U+08BB zuwa U+08BD, shi yasa tsofaffin wayoyi da font da yawa basu san su ba.

Mataki na biyar, a mayar da zane fiksel. Nan FreeType yake shigowa, laburaren da yake wannan aikin, David Turner ne ya fara shi, kuma in wayarka Android ce akwai yiwuwar shi ya zana abin da kake karantawa yanzu.

import freetype
face = freetype.Face("font.ttf")
face.set_pixel_sizes(0, 16)
face.load_char("ƙ")
b = face.glyph.bitmap
for y in range(b.rows):
    print("".join(" .:*#"[b.buffer[y*b.pitch+x]//52] for x in range(b.width)))

Harafinka zai fito a taminal da ɗigo da taurari. Kowane fiksel lamba ce daga 0 zuwa 255, gwargwadon yadda zanen ya rufe shi. Yanzu dawo da unitsPerEm. A ce kaurin sandar ƙ 180 ne a fili mai 2048, girman rubutu kuma fiksel 16, wato abin da 12pt yake bayarwa a sikirin mai 96 dpi, lissafi 180 sau 16 raba 2048, ya baka wajen 1.4. Toh ya za a yi da fiksel ɗaya da ɗan ɗoriya, ba a raba fiksel. Duk rigimar fannin nan daga wannan tambayar ta taso. Mafita ta farko a cika ɗaya da baƙi, na gefensa a yi masa toka-toka, ido daga nesa sai ya ga gefe mai laushi. Ta biyu hintin, wato a ɗan murɗa zanen don sanda ta faɗa daidai kan layin fiksel, TrueType har ƙaramin yaren furogiramin gare shi a cikin font saboda wannan kawai, kuma Apple ta riƙe haƙƙin mallakar dabarar har 2010, shi yasa tsofaffin ƴan Linux suke da labarin wahalar rubutu. Ta uku ClearType da Microsoft ta sanar a 1998, tunda kowane fiksel na LCD ƴan sanduna uku ne ja da kore da shuɗi, sai a kunna su daban daban a samu ninki uku na ƙanƙanta a kwance, in ka ɗauki sikirinshot a Windows ka zuƙo shi sosai zaka ga launi a gefen baƙin rubutu, ba ciwon ido bane.

Windows ta daɗe tana fifita kaifi ko da siffar harafi zata ɗan canza, Mac kuma ta fi son siffa ta zauna yadda aka zana ko da zai ɗan yi dishi-dishi, mutane sun sha musu a kan wanne ya fi, ni dai ina ganin sabo ne kawai. Da sikirin suka ƙara yawan fiksel musun ya lafa, Apple ma ta kashe nata salon na launi a macOS Mojave a 2018. Canza 16 ɗin nan zuwa 9 ka ga yadda lanƙwasar kan ƙ take narkewa har ya kusa zama k, sannan ka mayar 48. Wannan shine dalilin da zai sa ka daina saka ƙananan rubutu a manhajar Hausa, ƙafa da kafa ba abu ɗaya bane.

Mataki na shida gajere ne, kai shi ga mutane. Font kamar Noto Sans yana da nauyi saboda dubban gilif, masu amfani da shafinka kuma data suke saya, don haka yanke abin da kake buƙata:

pyftsubset font.ttf --unicodes="U+0020-007E,U+0181,U+018A,U+0198,U+0199,U+01B3,U+01B4,U+0253,U+0257,U+02BC,U+2018-201D,U+20A6" --flavor=woff2

Na ƙarshen nan alamar naira ce ₦, ana yawan mantawa da ita. Ka duba lasisi kafin ka yanka, masu lasisin kyauta na OFL sun yarda amma wasunsu sun ce in ka taɓa fayil ɗin ka canza masa suna. Saka lang="ha" a shafin, a PDF kuma ka yi rijistar font ɗin a cusa shi cikin fayil, sannan ka gwada a ƙaramar tsohuwar waya ba a laftof ɗinka kaɗai ba.

Sai yanzu ne lokacin karatu ya yi. Buɗe bayanin OpenType, shafin cmap kaɗai, zaka ga abin da da yake kamar rubutun aljanu yanzu yana shiga saboda ka riga ka taɓa shi da hannu. Daga nan ka gwada karanta teburin da struct na Python ba tare da fonttools ba, fomat 4, ɗaya daga cikin salon da ake rubuta cmap, zai ɗan wahalar da kai amma a nan ake gogewa. In ka iya C ka karanta stb_truetype na Sean Barrett, fayil ɗaya ne tal ya ƙunshi karanta font da zana shi. Mai sha'awar gem kuma ya nemi dabarar SDF da Valve ta bayyana a 2007, wadda ake zana rubutu a GPU, ɓangaren kwamfuta mai zana hoto, ya girma ba tare da ya farfashe ba. Bidiyo yana da amfani a wuri ɗaya, ganin yadda Bézier yake motsi, wannan kam ido ya fi takarda. In kuma AI kake tambaya ba laifi, amma duk lambar Unicode da ya baka ka tabbatar da ord() tukuna.

Daga baya wani mai shago ya kawo min irin matsalar amma a firintar rasit, ƴar ƙaramar nan mai takarda 58mm, duk ƙ da ɗ alamar tambaya suke fitowa. Ita font ɗinta a cikin injin yake kuma tsofaffin teburan haruffa take amfani da su, babu namu a ciki, ba kuma yadda zaka sauke mata Noto. Abin da nayi shine mataki na biyar ɗin nan sak, na zana kowane layi da FreeType na tura mata a matsayin hoto mai faɗin ɗigo 384. Sai dai ita bata san toka-toka ba, ko ta ƙona ɗigo ko ta bar shi, don haka dole a loda gilif da FT_LOAD_TARGET_MONO, kuma a nan bayit ɗaya fiksel takwas yake ɗauka, kod ɗin can na sama sai ka gyara shi kafin ya yi aiki. Na fara da girman 16 lanƙwasar ɗ ta ɓace, sai da na kai 24 sannan mai shagon ya ɗaga rasit ɗin ya karanta "kuɗi" ba tare da ya matso da shi kusa da ido ba.